Gashin Jelar Gaggafa: Abin da Liyari Yake Koya wa Ɗalibin Harshe

Akwai wani kuɗin azurfa da ya daɗe yana yawo a ƙasar Hausa, wanda kakanninmu suke kira liyari. A fuskarsa hoton wata mace ce mai jiki, da kambi a kanta, mayafi ya zubo mata ta baya. A bayansa kuma gaggafa ce mai kai biyu ta buɗe fukafukai. Matar ita ce Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya, wadda ta yi mulki daga 1740 zuwa 1780. Abin da ya ware liyari daga sauran kuɗaɗen duniya shi ne shekarar da ke jikinsa. Ko a wuyan tsohuwa ka gan shi a Magarya, ko a kasuwannin Yaman, ko a Habasha, kusan kullum lamba ɗaya za ka karanta: 1780. Wanda aka buga a zamanin Sarkin Damagaram Tanimun 1780 ce a jikinsa, wanda aka buga lokacin Yaƙin Duniya na Biyu shi ma haka, har ma wanda gidan buga kuɗi na Biyena yake fitarwa a yau bai sauya lambar ba.

Dalilin haka ba ɓoyayye ba ne. Fataken Gabas da na Afirka sun saba da wannan fuska, sun gwada azurfarta sun same ta ba algus, saboda haka ba su yarda da wata ba. Da sarauniyar ta rasu, sai masu bugu suka ga riba tana cikin barin komai yadda yake. An ƙiyasta cewa daga tsakiyar ƙarni na 18 zuwa shekarar 2000 an buga kimanin miliyan 389, a garuruwa daban-daban: Gunzbag da Biyena da Parag da Milan da Benis, daga baya kuma Roma da Landan da Paris da Burasel da Bombai da Bamingam. Kusan dukkansu nauyi ɗaya, giram 28 da ɗan ɗori, azurfa kashi 833 cikin 1,000, rubutu ɗaya, shekara ɗaya. To, idan shekarar da aka rubuta ba ta faɗin gaskiya, da me za a gane inda liyari ya fito da lokacin da aka buga shi? Amsar wannan tambaya ce nake so in kawo wa ƴan'uwana ɗaliban kimiyyar harshe, domin na iske hanyar da masu nazarin tsofaffin kuɗi suke bi ita ce hanyar da malamanmu suke koya mana a darasin tarihin harshe da na karin harshe.

Ban shiga wannan fage don sha'awar tara kuɗin da ba. Binciken digirina na biyu ya shafi kalmomin kuɗi da ciniki a bakin mutanen jihohin Magarya da Dungas, kuma wurin ya dace da irin wannan aiki. Magarya tana kan hanyar Damagaram zuwa Kano, Dungas kuwa tana cikin tsofaffin ƙasashen Sosebaki, kuma har zuwa 2011 a ƙarƙashin Magarya take kafin a ba ta jiharta. Mutumin nan yakan karɓi sefa da safe, ya tsallaka Maigatari ranar Alhamis ya ƙirga naira da rana, ya dawo gida da dare ya lissafa ribarsa da kalmomin da suka girmi sefar da nairar duka. Ina zaune da dattawa ina tambayarsu ma'anar dala da tamma da fataka, sai na lura cewa da zarar hira ta yi nisa, wata tsohuwa za ta tashi ta shiga ɗaka, ta kwanto ƙullin tsumma, ta ajiye mini abin da kalmar take nufi a tafin hannu. Gani ya kori ji. Daga nan ya zama dole in koyi karanta ƙarfen kamar yadda nake koyon karanta kalmar.

Kafin a fahimci bambancin liyari da liyari, sai an san yadda ake buga shi. Ana sassaƙa hoton da rubutun a juye a jikin ƙarfe mai tauri, wanda zan kira hatimi. Hatimi biyu ake buƙata, na fuska da na baya. Sai a sa faifan azurfa tsakaninsu, a danna da ƙarfin gaske, azurfar ta kutsa cikin kowane lungu na sassaƙar. Hatimi ba ya dawwama: yakan cinye, yakan tsage, sai an yi sabo. A ƙarni na 18 hannun mutum ne yake da babban rabo a wannan aiki, hannu kuwa ba ya maimaita kansa daidai wa daida. Ko da aka ci gaba, aka koma ɗaukar hatimai masu yawa daga uwar hatimi guda, kowane gidan bugu da ba shi da uwar Biyena sai da ya sassaƙa tasa ta hanyar kwaikwayo. Mai kwaikwayo yana zuba ido kan manyan abubuwa, wato fuskar sarauniya da fukafukan gaggafa da shekarar 1780, domin su ne ɗan kasuwa zai duba. A ƙananan abubuwa ne hannunsa yake tona masa asiri.

Waɗannan ƙananan abubuwa su masana suke ƙirgawa. Suna ƙirga ƙwayoyin lu'ulu'un da ke kambin sarauniya, bakwai ne ko takwas. Suna duba maɗaurin da ke kafaɗarta, ko an kewaye shi da ƙwayoyi ko an bar shi fili. Suna duba haruffa biyu da ke ƙarƙashin hotonta, S.F., waɗanda farkon sunayen jami'an gidan bugu na Gunzbag ne, Schöbl da Faby, su ga yadda ɗigon da ke tsakaninsu ya zauna. A baya kuma suna duba ko an rubuta AUST ko AVST a taƙaitaccen sunan Ostiriya, da siffar alamar da ke bin shekarar mai kama da X, sannan su gangara zuwa jelar gaggafa su ƙirga gashinta. Bugun Biyena na baya-bayan nan yana da gashi uku a tsakiya, na Landan yana da biyu. Wani masani mai suna Walter Hafner ya tattara ire-iren nan a littafi guda, ya ba kowanne lamba, kuma da lambobinsa ake kiran su har yau. Ƙa'idar da duk suka yarda da ita ita ce alama ɗaya ba ta isa hukunci. Sai alamomi uku ko huɗu sun taru sun nuna wuri guda. Duk wanda ya taɓa zana iyakar karin harshe a taswira ya san wannan ƙa'ida, domin kalma ɗaya ba ta raba Katsinanci da Dauranci, sai an sami damin siffofi sun bi layi ɗaya.

Batun AUST da AVST ya fi komai kama hankalina, domin a Latin U da V asalinsu harafi ɗaya ne. Ma'anar ba ta sauya ba, furucin bai sauya ba, amma zaɓin siffar harafin yana nuna zamanin mai sassaƙa da gidan da ya yi wa aiki. Mu ma muna da irinsa a gabanmu. Wanda ya rubuta ƴaƴa da harafi mai lanƙwasa da wanda ya rubuta 'ya'ya da ɗauri a sama abu ɗaya suke furtawa, amma kana gani ka san wane gefen iyaka aka koya masa rubutu. Haka Magaria da Magarya, haka Dungass da Dungas: gari ɗaya, hatimi biyu, ɗaya an sassaƙa shi a ofishin Faransawa, ɗayan a bakin masu garin.

Na fara gwada wannan ilimi ne a gidanmu. Gwaggona tana da liyarai uku da ta gada daga mahaifiyarta, kowanne an liƙa masa kunne ana zura shi a tsakiya. Labarin da muka tashi da shi shi ne duka ukun tun zamanin ayarin raƙuma suke, lokacin da fataken Tarabulus suke sauka a Damagaram. Labarin ba abin rainawa ba ne. Bajamushen nan matafiyi Heinrich Barth ya rubuta cewa a Kano a 1851 ana canza dalar azurfa ɗaya, ta Sifen ko ta Ostiriya, a kan wuri 2,500, kuma a Damagaram ɗin nan ne, cikin Janairun 1853, aka kawo masa dala 1,000 an ɓoye su cikin akwatunan sukari biyu. Ashe azurfar Turai ta san hanyar ƙasarmu tun kafin Faransawa su ci Damagaram a 1899.

Na ari madubin mai gyaran agogo, na shimfiɗa farin ƙyalle a inuwar zaure, na bi su ɗaya bayan ɗaya. Biyu suna da gashi uku a tsakiyar jela. Na ukun gashi biyu gare shi, ga AVST, ga maɗaurin kafaɗa da ƙwayoyinsa a kewaye, kuma duk da ya sha wuya, rubutun gefensa bai cinye kamar na sauran ba. Alamomin sun taru sun nuna dangin hatiman Landan. Landan kuwa ba ta fara buga liyari ba sai 1936, bayan Italiya ta karɓi hatiman Biyena da izinin bugu a 1935 don yaƙinta da Habasha, abin da ya tilasta wa Ingila da wasu ƙasashe su nema wa kansu mafita. Daga Landan ne kuma aka kai hatimai Bombai a farkon shekarun 1940. Ke nan wannan liyari ba zai yiwu ya hau raƙumin fataken Tarabulus ba, domin ranar da aka buga shi wannan fatauci ya riga ya mutu.

Na ce mata, “Gwaggo, ku duba nan. Wannan ɗayan ƙanen sauran ne, ƙila ma jikansu.” Ta karɓa ta juya shi, ta yi shiru har na ɗauka ranta ne ya ɓaci. Can sai ta ce, “Kai ɗan nan, ai ka tuna mini. Biyu Inna take da su tun aurenta. Na ukun Alhaji ne ya zo mata da shi.” Alhajin da take nufi wan mahaifinta ne, wanda ya tafi Makka a ƙasa ta hanyar Cadi da Sudan, ya yi shekaru yana noman auduga a hanya don ya tara guzuri, bai dawo ba sai gab da samun mulkin kai. A hanyar da ya bi, gaɓar Bahar Maliya ta nan da ta can, liyari yana da kasuwa a waɗannan shekaru. Gashi ɗaya da ya ragu a jelar gaggafa shi ya ciro labarin hajjin ƙasa daga ƙarƙashin labarin ayari, inda ya kwanta shekara da shekaru ba wanda ya taɓa shi. Gwaggo ba ta yi asarar komai ba. Da tarihi ɗaya take riƙe da shi, yanzu biyu ne a tsakiyarta.

Sauran biyun fa? A nan darasi mafi nauyi yake. Gashi uku bai tabbatar da tsufansu ba, domin Biyena ta daɗe tana bugawa da wannan siffa, har gobe ma da ita take bugawa. Siffar da aka gada aka riƙe ba ta faɗin shekaru. Sabon abin da aka shigo da shi ne yake kafa iyaka, ya ce kafin lokaci kaza ban wanzu ba. Wannan shi ne ginshiƙin hanyar kwatance a kimiyyar harshe. Ba a haɗa karuruwa biyu a gida ɗaya don sun riƙe tsohuwar siffa tare, sai dai don sun yi tarayya a sabon sauyi. Mutumin da ya ce zamna da amre da sabka tsohuwar siffa ya riƙe, kuma riƙon bai nuna yana da kusanci na musamman da duk wani mai faɗin haka ba. Amma masu cewa zauna da aure da sauka sun bi ta ƙofa ɗaya, wato sauyin baleɓen ƙarshen gaɓa zuwa wasalin u, wanda yake cikin sauye-sauyen da August Klingenheben ya bayyana tun ƙarshen shekarun 1920. A kasuwar kan iyaka za ka ji siffofin biyu a rumfa ɗaya. Aikin mai bincike shi ne ya san wacce ce take ba da shaida, wacce ce kuma take zaune kawai inda aka bar ta.

Da wannan ido na koma kan kalmomin da na tattara, sai na ga kowacce tana ɗauke da tabon hatiminta. Ɗauki liyari kansa. Asalinsa real na Sifaniyanci, wato na sarki; Larabawa suka ce riyal; da ya iso bakin Bahaushe sai r da l suka yi musayar gurbi, aka kuma ɗora wasali a ƙarshe, kamar yadda Hausa take yi wa yawancin sunayen aro. Siffar kalmar ta nuna hanyar da ta biyo, ta hamada da bakin Larabawa. Fataka kuwa, wadda dattawa suka sani a matsayin sule biyu, ƴar'uwar pataca ce ta Fotugis da Sifaniyawa, p ta koma f tunda Hausa ba ta bambanta su.

Dala ta fi su duka ban sha'awa. Tushenta wani kwari ne a Bohemiya mai suna Joachimsthal, inda aka fara buga manyan kuɗaɗen azurfa wajen 1520. Aka taƙaita sunan ya koma Taler, kuma shi ne sunan liyari a ƙasar da ta haife shi. Mutanen Holan suka ce daalder, Ingilishi suka ce dollar. To, daga wanne Hausa ta ɗauka? Hausa tana da t tana da d, ba ta da dalilin sauya ɗaya da ɗaya. Da daga Jamusanci kalmar ta zo kai tsaye, da tala muke cewa. Rashin r a ƙarshe kuma ya sa ta a layi ɗaya da mota da lauya da direba, kalmomin da aka ara daga bakin Ingilishi waɗanda ba su furta r ɗin ƙarshe. Alamomi biyu sun taru sun nuna gida ɗaya, kamar yadda gashin jela da AVST suka taru a liyarin Gwaggo.

Abin mamaki shi ne inda kalmar ta je ta zauna. A gefenmu na iyaka ta sauka ne a kan kuɗin Faransa, wato babbar tsabar azurfa ta faran biyar, mai nauyin giram 25 da azurfa kashi 900 cikin 1,000, wadda ta yi kama da liyari a girma da ƙara. Ita wannan tsaba ba ta ɓoye shekarunta, har ma tana ɗauke da harafin gidan da ya buga ta, A na Paris, K na Bordo. Azurfar ta tafi, an kafa sefa a 1945, an karya darajarta a 1994, amma har yau dala faran biyar ce: dala biyar 25, dala ashirin 100, dala ɗari 500. Jikka kuwa 1,000 ce, wato dala 200, kuma in ka auna tsabar azurfa 200 masu giram 25 za ka sami kilo biyar, daidai abin da zai cika ƴar jaka. A ɗaya gefen iyakar, dattawan da suka yi zamani da fam da sule kafin zuwan naira a 1973 sun san dala a matsayin sule biyu, jaka kuma fam ɗari. Kalma ɗaya, tafiyar yini ɗaya tsakani, daraja biyu. Dala ita ce 1780 ɗinmu: fuskarta ba ta sauya ba, amma abin da ke bayanta ya sauya sau da yawa, kuma mai bincike da ya rubuta ta a kundinsa bai rubuta garin mai maganar da shekarunsa ba, ya tara kuɗi ne bai san na wace ƙasa ba ne.

Akwai wani tarko da masu nazarin kuɗi suke gargaɗi a kai, wanda ya kamata mu ma mu kiyaye. Ba kowane bambanci ne daga hatimi yake ba. Liyari ya sha hannu, ya sha gumi, ya faɗi a kan dutse, an cije shi an goge shi da toka. Ta yaya za a bambanta tabon hatimi da tabon rayuwa? Hanyar tana da sauƙi, tana kuma da kyau. Idan hatimi ya tsage, azurfa takan shiga tsagar, sai layin ya fito a tashe a jikin kuɗin, kuma za a same shi a wuri ɗaya a duk kuɗin da wannan hatimi ya buga, yana ƙara tsawo gwargwadon yadda tsagar take ƙaruwa, har a iya jera su a san wanda ya riga wani. Ƙarzanar da ta samu bayan bugu kuwa a lotse take, kuma ta wannan kuɗi ce shi kaɗai. Haka yake a aikin fili. Dattijon da giɓi ya sauya masa furucin s ba karin harshe yake ba ka ba. Sai ka ji siffar a bakin na biyu da na uku, mace da namiji, a muhalli ɗaya na kalma, sannan ka ce ka sami hatimi.

Sai kuma jabu. Wani maƙerin fari a Dungas, dattijo mai haƙuri da tambaya, shi ya nuna mini yadda ake gane liyarin zubi, wato wanda aka danna na gaske a laka aka zuba narkakken ƙarfe a gurbinsa. Ya ɗora ɗaya a kan yatsa ya ƙyasta shi da wani, ƙarar ta daɗe tana amo. Ya ƙyasta na zubin, sai ta mutu nan take. Ya ce, “Ɗan lakwal, kai da madubi kake gani, mu da kunne muke gani.” Ya nuna mini ƙananan ramuka a fuskar na zubin da yadda haruffansa suka dakushe, sannan ya juya gefensa. A gefen liyari na gaske akwai rubutu a tashe, IUSTITIA ET CLEMENTIA, wato adalci da sassauci, taken sarauniyar. A na zubi rubutun yakan dagule ko ya ɓace, wani lokaci har a ga layin da gurbin biyu suka haɗu. Bai san Latin ba, bai taɓa jin sunan Hafner ba, amma abin da yake yi ilimi ne mai ƙa'ida. Fataken da ma a ƙasashen Larabawa da Habasha ƙwayoyin maɗaurin kafaɗa suke shafawa da yatsa, in sun cinye su rage wa kuɗin daraja ko su ƙi shi. Kama da wane ba wane ba ne, kuma kasuwa ta riga jami'a sanin haka.

A maƙerar nan ne na ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Kusa da zugazugi akwai ƙaramin kwano, cikinsa liyarai da tsofaffin dalolin Faransa suna jiran wuta. Masu su ne suka kawo a mayar musu da su zobba da awarwaro, wasu kuma sun sayar ne a shekarar da hatsi ya yi tsada. Ba na ganin laifin maƙeri, sana'arsa ke nan, ba na kuma ganin laifin matar da ta zaɓi cikin ƴaƴanta a kan abin wuyanta. Amma azurfar da ta narke ba ta da jela ba ta da kambi. Duk abin da za ta faɗa game da Biyena ko Landan, game da ayari ko hajjin ƙasa, ya tafi ke nan. Kafin wutar ma akwai masu yawo ƙauye-ƙauye suna saye, kuma cutarsu iri biyu ce. In suna saye sai su ce duk na zamani ne, ba shi da wata daraja, su biya ƙasa da kuɗin azurfar da ke ciki. In suna sayarwa sai su nuna 1780 su ce ya haura shekara ɗari biyu. Gaskiyar tana tsakani: yawancin liyarai darajarsu ba ta wuce ta azurfarsu da yawa ba, wato giram 23 da ɗan ɗori na tsantsarta, amma akwai tsofaffin bugu ƙalilan da masu tarawa suke nema da tsada. Matar da ta san nauyin abinta, ta kuma san a duba gefe da jela kafin a yi ciniki, ba a yi mata ɗayan biyun cikin sauƙi.

Kalmomin ma suna da tasu maƙerar. Yaron da aka haifa bayan an karya darajar sefa bai taɓa sayen komai da tamma ba. A ɗaya gefen, anini da taro da sisi sun koma cikin karin magana, sun bar aljihu. Mutane da yawa da suke cewa kuɗi sau ɗari a yini ba su san jam'in wuri ba ne. Idan dattijuwar da ta san bambancin liyari da fataka ta kwanta dama, za a iya samun kalmomin a ƙamus, amma a ƙamus kamar azurfar da aka narke suke: nauyin yana nan, alamar garin da zamanin ta goge.

Saboda haka ga abin da nake roƙon ƴan'uwana masu shirin fita aikin fili, ko kan tsarin sauti suke aiki ko kan ginin jimla. Idan hira ta kai ku ga ƙullin tsumma, kada ku wuce. Ku nemi izini ku ɗauki hoton fuska da baya da gefe da wayarku, a inuwa, a kan farin ƙyalle. Ku auna nauyi in da hali, sikelin masu sayar da zinariya ya isa. Ku tambayi mai shi sunan da take kiransa, ku rubuta shi yadda ta furta, kada ku gyara mata zuwa daidaitacciyar Hausa. Ku tambayi wanda ya kawo shi gidan da hanyar da ya biyo. Sannan ku mayar mata da abinta, ku gaya mata abin da kuka gani a jikinsa, domin haƙƙinta ne ta sani kafin mai saye ya zo. Idan ɗalibai goma suka yi haka daga Magarya zuwa Dungas, daga Waca zuwa Bande, za mu sami taswira biyu a kan takarda ɗaya, ta hatimai da ta kalmomi, mu ga inda layukansu suka haɗu da inda suka rabu. Wannan aiki bai buƙatar kuɗin bincike mai yawa. Madubin mai gyaran agogo yake buƙata, da littafin rubutu, da haƙurin zama a ƙirga gashin jela.